Sarkin Cikin Randa

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bin labarina. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri, karatuna na lakwal a aji uku ya tsaya.

Waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce Zalika, 'yar Perzidan Yakuba na Gamkalley, shugaban masu lambun bakin kogi. A unguwarmu in aka ce Zalika sai an ƙara da "wadda ba ta magana". Ko wurin mai kayan miya na je, da yatsa nake nuna abin da nake so. Inna takan ce Allah ya ba ni baki don cin tuwo kawai. Baba ne kaɗai ba ya yi mini gori. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake ce mini, kuma in aka dame ni sai ya ce, "Ku bar mini uwata, shirunta ya fi surutunku."

Abin da ba wanda ya sani a gidan shi ne, ni ce mai labarin Sarki Dumbaro.

In kina cikin gurup ɗin matan Gamkalley ko na Yantala, na san kin taɓa jin sa. Saƙon murya ne nake turawa da wani layi da ba wanda ya san nawa ne. A ɗakin ajiyarmu akwai tsohuwar randar kakata, ta tsage an daina zuba mata ruwa. Bayan azahar, in Baba yana lambu Inna kuma ta kishingiɗa gaban bantilato tana shan iska, sai in shiga in ja ƙofa. In durƙusa, in zura kaina da portabul, wato wayata, cikin randar nan, in fara. Muryata takan fito da kauri da amsa-kuwwa, kamar ta tsohuwa da ke magana daga ƙasan ruwa. Matan gurup suka raɗa mini Kakar Ruwa. Ni da ba na iya gaida baƙo ba tare da na yi tuntuɓe da harshena ba, a cikin randa ina yanke kawuna ina naɗa sarakuna.

Dumbaro sarki ne a wata daula da ke ƙarƙashin kogi. Dorina mai haƙoran ƙarfe yake hawa, dakarunsa kadoji ne masu rawani. Da ya hau gado ya rantse cewa cikar kogi ɗaya zai yi ya sauka. Kogi ya cika ya janye, ya cika ya janye, Dumbaro na nan zaune. Mai ja da shi wani maƙeri ne, Gazari, amininsa na ƙuruciya da suka ci a ƙwarya ɗaya.

Wallahi da na fara ban yi tunanin Baba ba. Amma ku gaya mini, yarinyar da ba ta wuce aji uku ba, a ina za ta san mulki? A zauren gidanmu na gan shi. Ni nake kai abinci, ni nake kwashe kofunan shayi. Maza suna magana a gabana kamar yadda ake magana a gaban buta.

Baba ya daɗe yana shugabancin masu lambu. Da aka ji cewa wata ƙungiya za ta kawo injinan ban ruwa masu aiki da rana, kuma shugaba ne zai raba, sai Tonton Isaka ya ce shi ma yana so. Tonton Isaka fa shi ya yi wa Baba abokin ango. Yanzu ko a masallaci ba sa haɗa sahu. Zaɓen masu lambu ba na takarda ba ne, kowa bayan wanda yake so yake tsayawa, ido na ganin ido. Kuma layin Tonton Isaka kullum ƙaruwa yake yi a bakin mutane.

Ni kuma, cikin duk samarin Yamai, wanda zuciyata ta kwanta da shi Mu'azu ne, direban taksi, ɗan ƙanwar Tonton Isaka da ya tashi a hannunsa. Da magana ta yi nisa, har an fara zancen ranar kawo goro. Rigimar nan ta sa aka jingine.

Ranar Litinin da ta wuce na kai musu dambu da kopto, kwaɗon zogale, a zaure. Ina sanye da tsohon zanen Inna mai zanen kifi da hijabin da nake girki da shi, duk warin hayaƙi. Baba yana kan kujerarsa ta roba, yayana Jamilu da wasu samari biyu suna kan tabarma. Ina ajiye tire na ji Yaya Jamilu yana cewa:

"Baba, abin ba wuya. Kantun gishiri kawai za a jefa a tankin da Isaka yake tara ruwa. A yanke tiyon injinsa. Kafin ya gane, ganyen salatinsa ya kwanta."

Wani ya yi dariya ya ce, "Sai ya je layi da ganyen da ya ƙone a hannu."

Baba bai yi dariya ba. Ya juya cokali cikin dambu ya ce, "Wanda lambunsa ya bushe, bakinsa ma bushewa yake yi."

Na ɗauki tire na fito. Na rantse muku na ɗauka cika baki ne. A zauren nan an sha kashe mutane da baki, washegari a gan su ana shan shayi tare. Abin da ya shiga raina, kuma shi ne abin da nake jin kunyarsa fiye da komai, daɗi ne. Na ce a zuciyata, kai, wannan magana ta dace da bakin Dumbaro. Kwana biyu ina neman yadda sarki zai karya maƙeri ban samu ba, ga shi an ba ni a kan tire.

Talata bayan azahar na shiga randa. Na ce Dumbaro ya tara kadojinsa ya umarce su su jefa kantun gishiri a idon ruwan da gonar Gazari take sha, su yanke maƙogwaron macijin da ke ɗebo masa ruwa. Na sa babban kada ya tambayi sarki dalili. Na ƙara kaurin murya na ce, "Wanda lambunsa ya bushe, bakinsa ma bushewa yake yi." Ko harafi ban canza ba.

Na tura. Kafin la'asar gurup ya cika.

"Kakar Ruwa kin kashe mu!"

"Allah ya isa tsakaninmu da Dumbaro."

"Ni dai in aka taɓa Gazari na fita daga gurup ɗin nan."

Na kwanta a kan katifa ina karantawa a hankali, ina bin kalmomi da yatsa, ina murmushi ni kaɗai. Ku ji fa. Murmushi nake yi.

Alhamis da safe ina shara sai maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga, ko sallama babu.

"Maman Jamilu! Kin ji abin da ya samu Isaka?"

Inna tana wanke shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Me ya same shi?"

"An shiga lambunsa da asuba. An yanke tiyo gunduwa-gunduwa, an zuba gishiri a tanki. Shi kuma Allah ya sa ya yi sammako, ya tarar da su. Suka maka masa ƙotar fartanya suka gudu. Hannu ya karye, goshi ya fashe. Yana can an kai shi likita."

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Inna ta ce, "Innalillahi. Duniya ta lalace." Muryarta daidai, kamar ana gaya mata farashin albasa.

Da matar ta sauka, na waiga bayan ɗaki. Yaya Jamilu ne tsugune gaban bokiti yana wanke wandonsa da kansa. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ya wanke ko hula ba, ni nake yi masa. Takalminsa na gefe, duk laka, da wani farin gari a bakin igiyar.

"Me kike kallo?" ya ce.

Na sunkuyar da kai.

Inna ta taso ta kama hannuna ta ja ni madafa. Ta matse mini tsintsiyar hannu har awarwarona ya shige fata.

"Idonki bai ga komai ba. Kin ji ni?"

Na gyaɗa kai.

"Yau dai rashin bakinki ya yi rana. Kuma yaron nan mai taksi, in ya zo ki ce ba ki da lafiya. Gidan nan da gidansu yanzu sai a lahira. Kina da uba, kina da wa. In suka faɗi, a kanki za su faɗi, ba a kan wani direba ba."

Na shiga ɗaki na kunna portabul. Niyyata in goge saƙon Talata. Amma ina! An riga an tura shi gurup-gurup, har na maza. Saƙonni suna shigowa kamar ƙudan zuma.

"Jama'a kun lura? Gishiri da tiyo! Tun Talata ta faɗa!"

"Wannan ba mutum ba ce, wallahi mutanen ruwa ne ke gaya mata."

"Kakar Ruwa don Allah duba mini, mijina zai dawo daga Kwatano bana?"

Sai wata da ban san lambarta ba ta rubuta: "Ku bar zancen aljanu. Wanda ya san ranar sata, a gidan ɓarawo yake kwana."

Na kife wayar a kan katifa. Zufa ta jiƙa mini riga duk da bantilato na juyawa. A ranar ban ci komai ba. Da aka kira azahar na wuce ta ƙofar ɗakin ajiya, ban iya ko kallon randar ba.

Juma'a da hantsi saƙon Mu'azu ya shigo a layina na gida.

"Hajiyar shiru, ina zuwa bayan la'asar. Kada ki ce ba ki da lafiya."

Na rubuta "Inna ta hana", na goge. Na rubuta "yaya jikin Tonton", na goge. Da wane baki zan tambaya? A ƙarshe na tura "To".

Allah ya taimake ni Inna ta tafi barkar haihuwa Gaweye. Na yi wanka na sa doguwar rigar atamfa shuɗiya da ya saya mini da sallah, na yafa farin gyale. Na ɗauki kwalli na ajiye. Na ga bai dace in yi ado ba alhali kawunsa yana kwance. Kuma na ga in ban yi ba zai ce wani abu na sani. Na sa a ido ɗaya, na tsaya ina kallon madubi kamar mahaukaciya, sannan na sa a ɗayan.

Bai tsaya a ƙofar gida ba yadda ya saba. Can ƙarƙashin iccen bedin bakin hanya ya ajiye taksin, ya jingina da ita. Rigar masallaci ce a jikinsa, farar shadda, amma ta yamutse, kuma idonsa ya yi ja. Na gaishe shi ina kallon tayar mota.

"Lafiya lau," ya ce. "Ba ki tambaye ni mai jiki ba."

"Yaya... yaya jikinsa?"

"An yi ɗori. Goshi an ɗinke. Ba ya iya ɗaga buta, ni nake yi masa alwala. Mutumin da ya goya ni a kan kekensa ya kai ni lakwal, Zalika. Jiya na ga yana kuka saboda salati."

Na ce, "Allah ya ba shi lafiya." Ni kaina ban ji muryata ba.

Ya ciro portabul ɗinsa ya juya shi a hannu.

"Ina jin labarin Dumbaro, kin sani? Tun farkonsa. Wata fasinja ce ta kunna a motata daga Yantala zuwa babbar kasuwa, na ce ta tura mini. Har na taɓa wuce mai tsayar da ni saboda ina jin yaƙin kadoji."

Na ce, "Ana cewa yana da daɗi."

"Ana cewa?" Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Ranar da Dumbaro ya sa aka ɗaure wazirinsa a bakin dorina, ana tsakiyar kuka da roƙo, sai na ji talotalo ya yi gulu-gulu-gulu a bayan murya. Na mayar na sake ji. Zalika, a duk layin nan gida nawa ke da talotalo? Wannan ɗan banzan da ya bi ni da gudu ranar da na fara zuwa zance, ko a kabari na ji muryarsa zan gane shi."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ja gyale na rufe fuskata gaba ɗaya. Wato duk watannin nan da nake zama a gabansa kamar gunki, yana yi mini hira ina amsawa da kai, ya san ni ce nake ihu a cikin randa ina cewa a fille kan wane.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?" na ce ta cikin gyale.

"In na faɗa za ki daina. Ni kuma a nan kaɗai nake jin muryar matar da zan aura." Ya sauke numfashi. "Da ina alfahari. Ina tuƙi ina cewa a raina, ku ji ta, tawa ce. Har zuwa jiya."

Wani mai kura ya wuce da jarkokin ruwa yana kallonmu. Mu'azu ya jira ya yi nisa.

"Buɗe fuskarki, don Allah. Abu ɗaya zan tambaye ki. Gishirin nan da tiyon nan, daga kanki suka fito, ko ji kika yi?"

Na buɗe ido ɗaya. Na tuna matsar Inna, har lokacin wurin yana yi mini zafi.

"Labari ne kawai," na ce.

"Kalle ni ki faɗa."

Ban iya ba.

Ya buga tafin hannunsa a kan rufin motar, ba da ƙarfi ba. "Tun Talata kin sani. Kina da lambata. Kalma ɗaya, Zalika. 'Ka ce wa Tonton ya kula.' Da na kwana a lambun da fitila da abokaina, da ba wanda ya shigo. Amma kika kai wa matan gurup, suka yi miki tafi."

Wannan maganar ita ce har yanzu take ci na. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Hawaye suka zubo, kwallin da na sha wahalar sawa ya bi kumatuna ya ɓata farin gyalen.

"Na ɗauka wasa suke yi," na ce. "Wallahi na ɗauka wasa ne."

"Su wa?"

Na toshe bakina da hannu. Amma ta riga ta fita.

Bai matsa mini ba. Ya kalli ƙofar gidanmu ya daɗe, sannan ya ce, "Gobe da safe ne zaɓe. Mutanen Tonton suna da saƙon nan. Sun ce kafin a ja layi za su sa shi a lasifika kowa ya ji, su tambaya wa ya taɓa jin wannan karin maganar a bakin wani. Akwai waɗanda suka ce sun san mai irin zancen. Amma murya ce ta cikin ruwa, ba ta da fuska, ba za ta tsaya shaida ba. Mahaifinki zai ce tatsuniyar mata ce, a yi dariya, a wuce. Sai dai in mai muryar ta fito."

"Ka gaya musu?"

"Ban gaya wa kowa ba. Ba kuma zan faɗa ba, ba nawa ba ne." Ya buɗe ƙofar mota. "Amma ba zan iya zama ina wanke wa Tonton hannu da safe, da yamma in zo nan in yi kamar ban sani ba. Ban ce ki tona mahaifinki don ni ba. Ni ma ban san abin da nake so ki yi ba. Ke kika iya ƙarshen labari, ni tuƙi na iya."

Ya tayar da mota ya tafi. Ko madubi bai kalla ba.

Na koma gida na cire rigar na cusa a ƙasan akwati. Na ɗaura zane na hura gawayi, na ɗora miyar kuɓewa, ina yi ina share hanci. Tunani biyu suna ta kokawa a kaina. In na yi shiru, Baba zai ci zaɓe, Tonton Isaka zai zauna da karyayyen hannu, ni kuma in ci gaba da kai shayi zaure. In na yi magana, da bakina za a kai Yaya Jamilu komisariyar 'yan sanda, a tuɓe Baba a gaban mutanen da ya shugabanta tun ina goye. Wa zai ƙara ce mini Uwata? A cikin randa, in sarki ya yi zalunci, raina ba ya ko ɗar, sai in aika masa da mashi. Ban taɓa tunanin Dumbaro yana da 'ya mai dafa masa tuwo ba.

Rana ta yi sanyi, Inna ba ta dawo ba, sai na ji ƙarar babur ɗin Baba. Ya shigo da shi har tsakar gida. Bai tsaya zaure ba, abin da bai saba ba ranar jajibirin taro. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin mangwaro ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Babbar rigarsa ta Juma'a ce a jikinsa, ruwan ƙasa mai aikin zare, gefenta ya kwashi laka.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Bar miyar nan ki zo ki buɗe mini wani abu."

Baba bai iya portabul ba. Kira kawai yake amsawa. Duk saƙon da aka turo masa, ni nake buɗewa in kara masa a kunne. Na goge hannu a zane na zo na durƙusa a gefen buzu. Ya miƙo mini wayar.

"Tun daga masallaci ake ta yi mini wani kallo. Wai akwai wata aljana da ta san abin da ya faru a lambun Isaka tun bai faru ba. Liman da kansa ya ce in saurara. Ga shi nan an turo. Sa mu ji."

Na ga saƙon. Na san tsawonsa, na san inda na yi tari a tsakiya. Na yi tunanin in ce kuran, wato caji, ya ƙare a wayar, ko in ce ya ƙi buɗewa. Yatsana ya tsaya a sama.

"Ya lalace ne?"

"A'a, Baba."

Na danna.

Muryar tsohuwa ta cika tsakar gidanmu. Ban taɓa jin ta a fili haka ba, da rana, kusa da tukunyar miya. Dumbaro ya hau dorinarsa. Kadoji suka yi sahu suna gyara rawani. Baba ya ɗan yi dariya ta hanci ya ce, "Shirmen mata." Ni dai ina kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar shinkafa a bakin buzu.

Aka zo kan kantun gishiri. Dariyar ta ɗauke. Aka zo kan maƙogwaron maciji. Na ga yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe. Babban kada ya tambayi sarki dalili, sai muryar ta yi ƙasa ta ce, "Wanda lambunsa ya bushe, bakinsa ma bushewa yake yi."

Saƙon ya ci gaba, Gazari ya fito da safe ya tarar da gonarsa ta yi fari, ya durƙusa yana kiran sunan amininsa na ƙuruciya. Na manta ma na sa wannan. Baba bai motsa ba har ya ƙare.

Miya ta fara kamu, ina jin ƙaurinta, ban tashi ba.

"Ranar Litinin," Baba ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "mu huɗu ne a zaure. Jamilu ba ya iya haɗa zance biyu. Sauran ma haka." Ya juya hular a gwiwarsa. "Sai wadda ta kawo dambu."

Na kifa goshina a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na jira mari. Na jira ya kira ni da sunan da ba Uwata ba. Ina so in ce ya yafe mini, amma ban san wanne zan nemi yafiya a kai ba, faɗar da na yi ko rashin faɗar da na yi.

"Na ce musu su tsorata shi," ya ce. "Ban ce a taɓa jikinsa ba." Ya sunkuyar da kai. "Ban kuma ce kada a taɓa ba."

Kaza ta zo tana tsattsagar gefen buzu, bai kore ta ba.

"Ɗago."

Na ɗago. Idon Baba ya kaɗa, ban taɓa ganinsa haka ba ko ranar da kakata ta rasu.

"Haka nake a idonki? Mai hawan dorina?"

"Baba, labari ne..."

"Na ji labari ne. Shi ya sa nake tambaya. Duk Gamkalley an ji farkonsa kafin ni. To ƙarshensa ni zan fara ji." Ya nuna wayar da haɓa. "Wannan sarkin naki, Uwata. Kashe shi za ki yi?"

Wallahi ban shirya amsa ba. Ita ta fito da kanta, da ƙaramar muryata ta kullum, ba ta randa ba.

"Ban sani ba, Baba. Shi nake jira."

Daga masallacin layinmu aka fara gwada lasifika don magariba. A bakin ƙofa na ji muryar Inna tana sallama da maƙwabciya, tana dariya, ba ta san komai ba.

Baba ya sa hularsa. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya zura takalmi, ya ɗauki makullin babur. Bai ce mini ga inda za mu ba, ko wurin Tonton Isaka ko wani wurin, ni kuma ban ga komai a fuskarsa da zan karanta ba.

"Sauke miyar nan," ya ce. "Ki ɗauko gyalenki."